Koriyar Fankar Baba Maiwada

Injiniya Rifkatu ce ta ce in rubuta wannan, domin ta gaji da jin ina maimaita magana ɗaya ga duk wanda ya zo koyon aiki a shagonmu na Ƙofar Doka. Ta ce in zuba ta a takarda sau ɗaya, kowa ya karanta, ni in huta, ku ma ku huta. Na ce to. Ban dai yi mata alkawarin zan daina maimaitawa ba.

Maganar ita ce, kada kowa ya taɓa mini launin da ke allon kwamfuta. Ku da kuka fito daga manyan makarantu, na san irin kallon da kuke yi wa allona. Shuɗi mai duhu kamar zanen da ya fito daga marina, da ja kamar tattasai. Na ji wata a cikinku tana cewa idonta ciwo yake in ta kalla. Wani kuma ya ce a minti ɗaya zai mayar mini da komai ruwan toka mai kyau, irin na bidiyon da kuke kallo a waya. Na san minti ɗaya ne. Ni ma na taɓa canza launin nan a minti ɗaya, kuma albasar wani dattijo ce ta sha wahalarsa. Amma bari in faro daga baya, in ba haka ba za ku ce tsoho ne kawai mai son shuɗi.

Sunana Haladu. Firamare na yi, daga nan mahaifina ya kama hannuna ya kai ni wurin Baba Ɗanlami, maƙerin fari a Ƙofar Kibo, mai zubin tagulla. Aikin farko da ya bari na taɓa munduwa ce. Ga yadda ake yi, tunda babu wanda ya taɓa gani a cikinku. Za a gina siffar abin da kakin zuma, a lulluɓe ta da yumɓu, a bar 'yar kafa, a shanya. In ta bushe a gasa, kakin ya narke ya tsiyaye, sai a zuba narkakken ƙarfe ya cike gurbin da kakin ya bari. A fasa yumɓun, ga munduwa.

Siffar kaki iri biyu ce. Akwai cikakkiya, wadda kaki ce har cikinta. Akwai kuma wadda muke ce wa fata: curin yumɓu ne a ciki, kakin shafa shi kawai aka yi a sama, don munduwar ta fito da rami, kada nauyi ya hana mai ita tafiya. In aka jera su a faifai, ko Baba da kansa ba ya bambanta su da ido. Amma aikinsu ba ɗaya ba ne. Fata sai an soka mata ƙananan ƙusoshi da za su riƙe curin cikin, in ba haka ba da kakin ya narke curin zai faɗi gefe, ƙarfen ya fito ɓari ɗaya kauri, ɗaya ɓarin huji. Saboda haka Baba yana ajiye sakaina biyu kusa da gwiwarsa, ɗaya da shuni, ɗaya da jar ƙasa. Cikakkiya ya ɗiga mata shuni da gashin kaza. Fata ya ɗiga mata ja.

Ni kuwa tun tasowata ba na son ganin tabo. Wata rana Baba ya tafi jana'iza, na ga siffofi shida a faifai, kowacce da ɗigo a goshi. Na ɗauki tsumma na goge su tas, na sake jera su, na zauna ina jiran yabo. Da ya dawo ya dube su, ya dube ni.

"Haladu, wa ya wanke wa 'ya'yana fuska?"

"Ni ne, Baba. Sun yi datti."

"Madalla. To, nuna mini masu yumɓu a ciki."

Na ɗaga wannan, na ɗaga waccan. Girmansu ba ɗaya ba, nauyi bai gaya mini komai ba. Ya sa na bi kowacce da allura har na gano, biyu suka lalace, na kwana uku ina sake gina su. Bai taɓa ni ba. Sai dai shekarun da na yi a gabansa, duk ranar da ya ga na ɗauki tsumma sai ya ce da mutanen rumfa, "Kowa ya ɓoye alamarsa, ga mai shara nan."

Bayan rasuwarsa munduwa ta daina tafiya. Na koma zubin alminiyam: tukwane, ludaya, sannu a hankali har da ƙananan kayan inji. Aikin da ya haɗa ni da Injiniya Rifkatu wani murfin injin markaɗe ne. 'Yar Wusasa ce, ta yi karatun injiniya, ta shigo rumfata riƙe da murfin, amma na farar roba. Ta tambaya ko zan iya lulluɓe shi da yumɓu in ƙone shi kamar yadda ake yi wa kaki. Na ce roba ba kaki ba ce, za ta bar toka a ciki, kuma ni ba na son a ce aiki ya lalace a hannuna. Ta ce in ya lalace ita ta lalata. Na farko ya lalace, na biyu ma haka. Na uku, da na ƙara wuta na kuma hura kafar da bututu, ya fito sumul. Sai a lokacin ta nuna mini inda robar ta fito: a kwamfuta ake zana abu, wata firinta ta gina shi da zaren roba, layi a kan layi, kamar mai ɗora tubali.

Shekara ɗaya muna aiki tare, kullum sai na yi gardama da zanenta. Nan ya yi siriri, ƙarfe zai daskare kafin ya kai. Nan kusurwa ta yi kaifi, yumɓu zai tsage. Ran nan ta ture mini kujera.

"Malam Haladu, tunda kai ka san inda ƙarfe ke bi da inda ba ya bi, zauna ka zana da kanka. Na gaji da shari'a."

Na haura shekara arba'in a lokacin. Wata uku ina riƙe mawus ɗin kwamfutar kamar ƙwai. Zanen bai ba ni wuya sosai ba, domin wanda ya gina abu da kaki ya san gaba da baya da ƙarƙashi. Abin da ya ba ni wuya shi ne jerin Turancin nan da ke gefen hagu na allo, inda kad, wato manhajar zanen, ke rubuta sunan duk abin da ka yi. Ina iya karantawa, amma kafin in haɗa kalma ɗaya wuta ta huce. Ku kuna karanta shi kamar shan ruwa. Na lura dai ba kwa dubawa.

Hannun injin taliya shi ne abu na farko da na zana ni kaɗai. Na juya shi a allo ta kowane gefe, babu abin da ya rage. Aka tura wa firinta, ta yi ta kai da kawowa, ta ajiye mini wasu 'yan zare kamar gidan gizo. Injiniya ta leƙo.

"Wannan ai ba solid ba ne, safes ne."

Ta yi mini bayani. Solid abu ne rufaffe ta ko'ina, mai ciki, kwamfuta ta san nauyinsa, ta san ko ƙarfe nawa zai ci. Safes kuwa fuska ce kawai, ba ta da kauri ko na silin gashi. Idonka zai ga abu, firinta ba za ta ga komai ba. Kuma ko fuska ɗaya ka cire daga solid ba ka ɗinke wurin ba, gaba ɗayansa ya koma safes, amma a allo yana nan yadda yake.

Na ce, "Cikakke da fata ke nan."

"Kira su yadda ka ga dama."

"Kuma duka launinsu ɗaya, toka?"

"Haka manhajar take zuwa."

"To ita ba ta da sakaina ne?"

Sai da na ba ta labarin Baba Ɗanlami kafin ta gane. Ta yi dariya har da riƙe tebur, sannan ta shiga wurin setin, ta gangara wajen launuka. Ashe akwai layi biyu a can: launin da za a nuna kowane solid da shi, da launin da za a nuna kowane safes da shi. Ta ce in zaɓa. Na ce shuni da ja. Daga ranar, duk abin da ya rufu a allona shuɗi ne. Da ya buɗe, ko da hujin bai kai bakin allura ba, sai ya koma ja da kansa. Baba da gashin kaza yake ɗigawa. Wannan kuwa ba ya mantuwa, ba ya tafiya jana'iza.

Abu ɗaya ta gargaɗe ni a kai. Ta ce manhajar tana ba mutum dama ya shafa wa zane launin da yake so, kamar fenti. In ka shafa, naka ne zai hau sama, ya rufe shuɗin, ya rufe jan. Na ce ni da fenti, Allah ya kiyaye. Ku riƙe wannan maganar tawa, za ku ga inda ta kai ni.

Masu kawo aiki kuwa, babu irin tambayar da ba su yi mini a kan launin nan ba. Wata Hajiya mai injin niƙa ta ce ko shuɗin ya fi ƙarko. Wani tela ya ga ƙafar kekensa ja a allo tun ban gama ba, ya ce shi ya fi son hakan, in bar masa. Nakan yi bayani, su gyaɗa kai, su tafi da fahimtarsu, ni ma in zauna da tawa. Babu wanda ya taɓa matsa mini sai mutum ɗaya.

Shekarar da kayan gyaran injin ban ruwa suka yi wuya a kasuwa, a tsakiyar rani, Baba Maiwada ya shigo shago da wani abu ƙulle a tsumma. Manomi ne daga wani ƙauye a bakin fadamar Galma, sa'an mahaifina. Ya kwance tsumman. Fankar injinsa ce, wato faifan da ke juyawa a ciki yana turo ruwa, ta fashe gida uku. Irin mai murfi ce: faranti biyu, sama da ƙasa, da fikafikai biyar a lanƙwashe a tsakaninsu, daga waje bakinsu kawai ake gani. Ya zaga Sabon Gari, ya aika Kano, babu irinta, injin ya tsufa. Yana da fangali arba'in na albasa, kuma ta fara ƙulla kai, lokacin da ba ta haƙurin ƙishi. Maƙwabcinsa ya ara masa inji ya shayar da ita jiya, ya ce kuma ba zai iya ƙarawa ba, nasa tumatirin na jira.

"Kwana nawa za ta jure, Baba?"

"In ta yi kirki, mako guda. Ita kuwa albasa ba ta cika kirki ba."

Na lissafa. Zane yini ɗaya, firinta yini ɗaya, yumɓu kwana biyu kafin ya bushe, zubi da gyara yini ɗaya. Kwana biyar. Injiniya ta tafi Jos bikin ƙanwarta, ni kaɗai ne a shago. Na ce masa za a yi, in Allah ya yarda.

Na haɗa gutsattsarin fankar, na auna, na sake aunawa, na zana. Washegari da azahar ya dawo ganin aiki. Faranti biyu, fikafikai biyar, duka shuɗi. Na juya masa allon ina jin daɗi. Ya matso da fuskarsa.

"Wannan ta wane ne?"

"Taka ce, Baba."

"A'a. Injina kore ne."

"Launin nan na allo ne kawai, Baba. In an zuba, fara za ta fito kamar tsohuwar."

"Tsohuwar koriya ce lokacin da na sayi injin. Ruwa ne ya cinye fentin." Ya gyara zama. "Tun kafin a aurar da autata yake aiki da koriya, bai taɓa ƙi ba. Yanzu za ka kawo masa baƙuwa da shuɗin zane, ka ce su zauna lafiya?"

Akwai mutum biyu a benci suna jiran aikinsu, suka fara dariya. Ban gane ko wasa yake ko da gaske ba, domin Baba Maiwada fuskarsa ɗaya ce a wasa da gaske. Na sake gwada bayani. Ya ɗaga mini hannu.

"Ɗana, tsoho ya taho tun daga fadama a kan keke, bai roƙe ka komai ba sai launi."

Ku gaya mini yadda ake ce wa sa'an mahaifi a'a a gaban mutane a kan abin da bai fi minti ɗaya ba. Na zaɓi zanen gaba ɗaya, na shafa masa kore.

"Yauwa," in ji shi. "Yanzu ta yi kama da 'yar gida."

Niyyata in cire fentin da zarar ya fita. Amma da ya fita sai wata damuwa ta riga ta: anya bakin fikafikan na ciki ba zai taɓa notin da ke ɗaure fankar ba? Na ɗauko tsohuwar na auna karo na uku. Da ƙyar zai wuce. Wani zai bar shi haka, kuma da ya yi daidai. Ni na ce gara in rage wa kowane fiffike kaɗan. Yadda nake yi, in cire fuskar bakin, in gajarta, in ɗinke. Na yi na ɗaya, na biyu, na uku, na huɗu. Na biyar na cire fuskar, na gajarta, sai aka kira la'asar. Na adana aikin na tafi masallaci.

Da na dawo, fanka tana nan koriya shar. Idona ya riga ya saba da koren, ban ma tuna baƙo ne ba. Na juya ta sama, na juya ta ƙasa, babu abin da ya yi mini tsawa. Da shuɗin nan ne, da fiffike na biyar ya tsaya ja a tsakiyar 'yan'uwansa kamar garwashi. Na tura wa firinta. Wani ɗan akwatin Turanci ya fito da alamar rawaya. Yakan fito a kan ƙananan abubuwa, na sha ganin Injiniya tana danne shi ta wuce. Na danne.

Ni mutum ne da nake komawa in ja kwaɗon shago sau uku kafin in tafi gida. Da robar ta fito na ƙirga bakin fikafikan ta waje: biyar. Na sake ƙirgawa: biyar. Abin da ban sani ba, firintar ta yi iya dabararta da fatar da na ba ta, ta gina bakin fiffiken na waje, ta bar can ciki wayam, inda ido ba ya kaiwa. Na lulluɓe da yumɓu, na shanya, na gasa, na zuba. Ta fito tana ƙyalli.

Rana ta biyar na bi Baba Maiwada fadama da kaina. Ganyen albasar ya fara sunkuyawa, bakinsa ya yi rawaya. Muka ɗaura fanka, ya ja igiya. Injin ya tashi da wani irin kaɗawa da ban taɓa gani ba, yana tsalle a kan katakonsa, yana matsawa gefe. Ruwa ya fito guntu-guntu kamar mai tari. Kafin in kai hannu in kashe, robar da ke tare ruwa a bayan fankar ta yage, ruwan ya feso mana a fuska.

Baba Maiwada ya share gemunsa.

"Rawa ka koya masa?"

Ya kwance fankar da kansa, ya karyo tsinke, ya dinga zura shi a ramukan ɗaya bayan ɗaya. A ɗaya sai tsinken ya shige ya ɓullo ta ramin maƙwabci. Ya miƙo mini fankar.

"Baba, laifina ne. Ban dai san inda yake ba tukuna."

"To je ka nemo shi. Ni da albasa muna nan."

Washegari da safe Injiniya ta dawo, na gaya mata komai tun kafin ta ajiye jaka. Muna kunna kwamfuta sai ga keken Baba Maiwada a ƙofa. Ta buɗe zanen. Ta dubi koren, ta dube ni.

"Mai shara ya koma mai fenti?"

Na miƙa mata mawus. Ta cire fentin, ta ɓoye farantin sama don a ga ciki. Fikafikai huɗu shuɗi. Ɗaya ja.

Baba Maiwada ya nuna shi da ɗan yatsa. "Wannan jan fa?"

"Fanko ne, Baba. Kamar gyaɗar da ka gani da ɓawo, ka fasa babu ƙwaya. Jan shi ne yake gaya mini. Da ban shafa kore ba, da ya nuna kansa tun ranar."

Ya sauke yatsan.

"Wato koren nawa ne ya rufe shi."

"Hannuna ne ya shafa, Baba."

"Bakina ne ya roƙa."

"Ku raba laifin daga baya," in ji Injiniya. "Albasa na jira."

Na zauna na ɗinke bakin fiffiken. A gaban idonsa jan ya koma shuɗi. Ya ce in sake buɗewa ya gani. Na buɗe, ya yi ja. Na ɗinke, ya yi shuɗi. Ya sa na bi sauran ɗaya bayan ɗaya, yana ƙirgawa da yatsa. Da muka gama ya jingina da bango, ya ce da wannan fuskar tasa:

"To madalla. Yanzu mayar mini da ita koriya."

Injiniya ta juya baya tana gyara zaren firinta, ta bar ni da shi. Hannuna yana kan mawus.

"A'a, Baba."

"Ko da a keke na taho?"

"Ko da a ƙafa ka taho."

Sai a ranar na ga haƙoransa. "Da ka ce to, da na ɗauki tsummana na tafi wani wuri."

Kwana biyar ba su nan kuma, saboda haka muka matse su. Injiniya ta buga roba biyu don ko ɗaya ta tsage, ta fita neman robar tare ruwa. Ni na koma dabarar Baba Ɗanlami ta ranar gaggawa: yumɓu da kashin jaki mai yawa, shafi siriri-siriri, a jera kusa da bakin wuta ana juyawa da hannu, kada gefe ɗaya ya riga ɗaya bushewa. Yini biyu ban tashi daga wurin ba sai don salla. Ɗaya ta tsage, ɗayar ta tsira. A can fadama kuwa, mutanen gidansa gaba ɗaya suka fito da bokitai, suna shayar da fangalin da ke kusa da ruwa. Na nesa hannu bai kai gare su ba.

Rana ta uku na kai masa fankar, bayan na zura tsinke a kowane rami har ban san ko sau nawa ba. Kafin a ɗaura, ya zaro wani ɗan gwangwani daga aljihu, ya tsoma yatsa, ya ɗiga wa ƙarfen koren fenti, ɗigo ɗaya a tsakiya.

"Don injin ya gane ta. Ko nan ma za ka hana?"

"Nan naka ne, Baba."

Ya ja igiya. Injin ya zauna daram a kan katakonsa, ruwa ya cika tiyo ya miƙe. Muka bi shi da ƙafa yana shiga fangali bayan fangali. Na kusa suka sha, kafin yamma ganyensu ya fara ɗagowa. Da muka kai na can nesa, guda goma sha ɗaya, sai ya toshe hanyar ruwan da fartanya. Ganyensu ya kwanta ya bushe kamar ciyawar rufi. Ya tuge albasa ɗaya ya nuna mini, kanta bai kai goro ba.

"Waɗannan sun riga sun tafi," in ji shi. "Kada mu ɓata musu ruwa."

Bai ƙara magana a kansu ba, a ranar ko bayanta. Ashirin da tara suka yi kai, ya cire su a kan lokaci.

Tun daga nan dokar shagon nan ɗaya ce, kuma ita ce dalilin takardar nan. Zanen asali ba a shafa masa fenti. In mai aiki yana son ganin abinsa kore ko ruwan hoda, ku yi kwafi, ku shafa wa kwafin duk abin da ransa ke so, ku nuna masa, ku goge kwafin kafin ya kai bakin ƙofa. Wanda za a tura wa firinta, shuɗi zai tafi, gaba ɗayansa, bayan an ɓoye murfi an leƙa ciki. In an sake wa kwamfuta manhaja, launukan kan koma toka, saboda haka kafin a zana ko layi ɗaya a shiga setin a mayar da shuɗi da ja. In akwatin Turanci ya fito, ku da kuka iya, ku karanta shi. Na san za ku ce kuna duba jerin gefen hagu, ba kwa bukatar launi. Na ji. Ku duba jerin, ku kuma bar mini sakainata.

Injin yana nan yana aiki. Mai shi ma yana nan, ya rage hawa keke, amma duk rani sai ya leƙo shago, ko ba shi da gyara. In kun ga wani tsoho ya shigo ya tsaya a bayanku yana kallon allo, ya ce injinsa kore ne, ku mayar masa da zanen kore, to ku tashi ku gaishe shi da ladabi, ku ba shi kujera mai kyau, ku kawo masa ruwa. Sannan ku ce a'a.